Hattara da masu tallan yawon buɗe ido zuwa Masar da sunan "komai na ciki"

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya same mu a Masar ne ya sa nake wannan rubutu, don kada wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Wani mutum ne ke talla a Facebook cewa yana kai ayari ziyarar dalar Giza, da kaburburan fir'aunoni a Luksor, har zuwa tsofaffin gidajen bauta na Abu Simbel. Ya ce kuɗi ɗaya za a biya, komai na ciki. Ya nemi a tura kuɗin ta asusunsa na kansa, ba na kamfani ba, mu kuma muka tura ba tare da wata takarda a hannu ba.

Tun a Giza asiri ya fara tonuwa. Ashe tikitin da ya yankar mana na shiga harabar ne kawai. Shiga cikin babbar dalar Khufu, wadda ta shekara kusan 4,500 a tsaye, yana da tikitinsa daban, sai da kowa ya sake biya daga aljihunsa. Ko awa ɗaya ba mu yi a wurin ba ya fara azalzalarmu mu hau mota, wai lokaci ya ƙure. Ina aka kai mu? Shagon turare. Can muka ɓata sama da awa biyu, ana ta matsa mana mu saya. Daga baya direban ya faɗa mana cewa kamasho mutumin yake karɓa a kan duk abin da muka saya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na wata dattijuwa a cikinmu. Shi da kansa ya haɗa ta da mai raƙumi, ya ce hawan kyauta ne. Aka ja ta can cikin rairayi, nesa da mutane, mai raƙumin ya ƙi durƙusar da shi sai ta biya. Baiwar Allah tana sama tana rawar jiki, rana na dukanta, jagoran namu ya yi kamar bai gani ba.

A Kwarin Sarakuna da ke Luksor ma haka aka yi. Tikitin gama-gari kaburbura uku yake ba ka damar shiga, na Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922 kuwa ba ya ciki, alhali da hotonsa aka yi mana talla. Abu Simbel, mai nisan kusan kilomita 280 kudu da birnin Aswan, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Ya ce an rufe hanya, sai ga wasu baƙi a otal ɗinmu sun dawo daga can a ranar. Da muka nemi a mayar mana da kuɗin wannan zangon, ya kashe waya.

Don Allah, duk mai niyyar irin wannan tafiya ya nemi a rubuta masa sunan kowane wuri, da tikitin da aka biya, da tsawon lokacin da za a tsaya. Ku nemi ganin katin jagoran, domin jagororin gaskiya a Masar suna da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido. Akwai kuma 'yan sandan kula da baƙi a waɗannan wurare, mu da bakinmu ya mutu ba mu je gare su ba, har yau ina nadama.

Makon jiya na ga mutumin ya buɗe sabon shafi da wani suna, kuma hotunan ayarinmu a gaban dala ne ya ɗora yana neman sababbin matafiya.