Hilux ko Navara: wacce za ta fi sauƙin wuce gwajin lafiyar mota?

Alhaji, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi an nuna masa a-kori-kura biyu a wajen dillali. Ɗaya Toyota Hilux ce ta 2011 mai fetur, ta hannu, wani kamfani ya yi aiki da ita shekara da shekaru. Ɗayar Nissan Navara ce ta 2010 mai gas, Beljiyam, jikinta sumul kamar ba a taɓa ɗora mata buhu ba, kuma kuɗinta ya fi sauƙi. Aikin da zai sa ta shi ne dakon hatsi daga gona zuwa Dawanau, wani lokaci har Legas. Yana son wadda za ta wuce gwajin lafiyar mota ba tare da kai-kawo ba, ga shi kuma an ce masa Hilux ba ta faɗuwa gwaji.

Bari in fara da wannan maganar ta ƙarshe, domin ita ce ke jefa mutane cikin asara. Hilux tana faɗuwa gwaji, kuma tana faɗuwa sosai. Sunan da ta yi tun fitowarta a 1968 na injin ne da juriya, wato ka ba ta wuya ta tashi da safe. Mai gwaji kuwa ba wannan yake nema ba. Ko a Ingila, inda gwajin lafiyar mota da ake kira MOT ya zama dole kowace shekara da zarar mota ta cika shekara 3, ba a buɗe injin, ba a duba lafiyar giya ko kulochi. Abin da ake bi shi ne birki, taya, fitilu, sitiyari, ƙafar mota, hayaƙin salansa da shasi. Cibiyoyin gwaji da na'ura na nan gida, irin waɗanda Legas ta fara buɗewa a 2017, kusan abin da suke bi ke nan. Mota za ta iya samun injin da zai yi shekara 10 nan gaba ta kuma faɗi saboda tayar baya ta hagu ba ta kama birki.

Saboda haka kwatancin da zai amfane ka shi ne na ƙarƙashin motocin, kuma a nan ne suka rabu.

Shasi shi ne babbar magana a kan Navara irin wannan, wadda ake kira D40, da aka yi daga 2005 zuwa 2015. Ba jita-jitar gareji ba ce. A farkon 2017 jaridun Ingila sun cika da hotunan waɗannan motoci sun karye a tsakiya, daidai inda gidan direba ya haɗu da bodin baya, har kamfanin ya kira masu su don a duba musu kyauta, ya kuma sayi wasu daga hannunsu. Dalilin a fili yake. Shasin kamar akwati yake, rufaffe ta ko'ina. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin da taɓo su shiga ta ramukan shasin su kwanta a ciki, tsatsa ta yi ta ci daga ciki zuwa waje. Kafin ido ya ga komai, ƙarfen ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, ba su ne ke zuwa mana ba, amma na Jamus da Holan da Beljiyam masu sitiyari a hagu yawanci daga masana'anta ɗaya suka fito, ta Basalona a Sifen, kuma titinsu ma ana zuba masa gishiri. Ka duba lambar shasin. Idan ta fara da VSK, ƙirar Sifen ce. Idan MNT ce, ta Tailan ce.

Abin da ya fi damuna da kwatancin da ka yi shi ne cewa jikinta sumul yake. Fenti ba ya gaya maka komai game da shasi. Mai fitar da mota daga Turai ya san abin da za ka duba, shi ya sa wasu ke fesa baƙin kwalta a ƙarƙashi kafin a sa ta a jirgi. Idan ka leƙa ka ga shasin motar da ta haura shekara 10 baƙi wuluk yana sheƙi, kada ka yi murna, ka ƙara sa ido. Ka je da guduma ƙarama. A ɗora motar a kan rami, ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, musamman daga bayan gidan direba zuwa inda sifirin ɗin baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tsaf. Wanda ya ruɓe sautinsa a dushe yake, wani lokaci ma ɓarɓashi za ka ji yana zuba a ciki. Dillalin da ya hana ka taɓa ta da guduma ya riga ya ba ka amsa.

Don adalci, Toyota ma ba ta tsira daga wannan cuta ba. A Amurka, a 2016, ta amince da sasancin da aka ƙiyasta a dala biliyan 3.4 saboda tsatsar shasi a motoci kusan miliyan 1.5, da suka haɗa da Tacoma da Tundra da Sequoia. Hilux ɗin da ta zauna a Turai ita ma gishiri yana cin ta. Amma taka ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba. Motar da ta yi rayuwarta tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, shasinta da wuya ya ruɓe. Nata ciwon daban ne: lodin wuce kima da hatsari. Ka nemi alamar walda, ka nemi inda aka miƙe ƙarfe da wuta, ka tsaya a bayanta daga nesa ka ga ko ta karkata gefe ɗaya. Ka kuma tambayi inda kamfanin ya yi aiki da ita, don idan Fatakwal ne ko bakin ruwa, to ita ma gudumar ta shafe ta.

A wajen birki kuwa, Allah ɗaya gari bamban ne kawai, matsalarsu iri ɗaya ce. Dukkansu gaba faifai ne, baya ganga. A cibiyar gwaji ana ɗora tayoyin a kan wasu ƙarafa masu juyawa, ka taka birki, na'ura ta auna ƙarfin kowace taya ita kaɗai. A ƙa'idar Ingila, idan bambancin hagu da dama ya wuce kashi 30 cikin 100, mota ta faɗi. Direba ba ya jin wannan bambanci a cikin gari, sai ranar da ya taka da ƙarfi da lodi motar ta ja gefe. Abin da ke jawo shi a a-kori-kura yawanci robar da ke tare man aksul ce take lalacewa, man ya zubo cikin gangar ya jiƙe layinin. Ka leƙa bayan tayoyin baya ta ciki. Idan ka ga danshi baƙi ƙura ta manne masa, akwai aiki. Na taɓa raka wani maƙwabcina gwaji da tasa a-kori-kurar, yana rantsuwa birkinsa garau yake tunda makon da ya wuce aka sa masa sabon layinin. Na'ura ta nuna tayar dama kusan ba ta kamawa. Da aka kwance, sabon layinin ya riga ya sha mai, domin wanda ya yi aikin bai canza robar ba. Sai hambirki, wanda direbobinmu suka maye gurbinsa da dutse. Shi ma ana auna shi, kuma wayarsa idan ta daɗe ba a ja ba takan ƙage.

Ƙafar mota ita ce inda nake tsammanin Hilux ɗinka za ta ci maka kuɗi. Motar kamfani direbobi da yawa ne suka riƙe ta, babu wanda ta zame masa tasa. Boljoyin, tayarod, bushin da shokozoba duk ka ɗauka sun gaji har sai an nuna maka akasin haka. Navara ɗin da ta sha titin Turai mai laushi za ta iya fin ta lafiya a nan ranar da ka saya. Amma ka tambayi kanka yadda za ta kasance bayan damina biyu a hanyar gona. A nan ne Hilux take cin nasara ba tare da gardama ba. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kayan ƙafar Hilux sabo da Beljiyam duk ga su nan, kuma yaron gareji ma ya san yadda ake kwance su. Kayan Navara ana samu, sai dai ba a kowane shago ba, ba kuma a kowane gari ba. Idan na'ura ta kayar da kai aka ce ka gyara ka dawo, mai Hilux zai iya gamawa kafin la'asar. Mai Navara wataƙila sai ya jira saƙo daga Legas.

Ina roƙonka abu ɗaya a kan sifirin. An ƙera waɗannan motoci don ɗaukar abin da bai wuce tan 1 ba, wato buhun masara 10 mai kilo 100, kuma nauyin direba da yaran mota yana cikin lissafin. Na san ana ɗora ninkin haka, ana ƙara ganyen sifirin don kada ta durƙusa. Ƙarin ganye ba ya ƙara wa shasi ƙarfi, ba ya ƙara wa birki ƙarfi. A kan Navara mai tarihin da na faɗa, wannan lodi shi ne daidai abin da zai nemo inda ƙarfen ya yi rauni.

Sai hayaƙi, inda fetur da gas suka sha bamban. Injin 2TR na Hilux, mai lita 2.7, ba shi da turbo mai cusa wa injin iska, ba shi da famfon gas mai tsada, kuma sarƙar taimin yake amfani da ita ba bel ba. Idan ba ya shan baƙin mai, ba a kuma fasa tukunyar salansarsa an cire abin cikinta ba, da wuya ya ba ka kunya a gaban na'urar hayaƙi. Laifinsa shan mai, da kuma nishi a kan tudu idan an yi lodi. Injin YD25 na Navara, mai lita 2.5, ƙarfin jansa ya kusa ninka na Hilux ɗin nan, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai dakon hatsi. Amma an tsara shi ne don gas ɗin Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa a cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Namu ya daɗe yana ninka wannan sau da yawa, ga ruwa, ga gauraye a wasu gidajen mai na kan hanya. Nozul ɗinsa ba sa jure wannan, kuma da zarar sun fara lalacewa baƙin hayaƙi ne zai biyo baya. An kuma san injin da miƙewar sarƙar taimin. Ka sa a bar motar ta kwana ba a tayar ba, ka zo da sassafe ka tayar da kanka, ka kasa kunne a gaban injin. Idan ka ji kacau-kacau na ɗan lokaci kafin ya lafa, sarƙar ce. Idan kuma motar tana da matatar hayaƙi irin wadda ƙa'idar Turai ta tilasta daga baya, ka sani takan toshe, kuma cire ta da ake yi yana ƙara hayaƙin da na'ura za ta gani.

Fitila da waifa da gilashi ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba, duk ɗaya ne, kuɗi kaɗan ne. Taya ce kawai zan tsaya a kai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Motocin Turai sukan zo da tayar sanyi mai laushin roba wadda zanenta yake da kyau a ido amma zafin kwaltarmu ke cinye ta da wuri. Ka sa kuɗin taya huɗu a cikin lissafin Navara tun yanzu.

Wani a cikinmu ya kawo maganar jerin da ake wallafawa a Turai na motocin da suka fi wuce gwaji. Ka karanta shi, amma ka san abin da yake nunawa. Ba ingancin ƙira kaɗai yake aunawa ba, har da halin masu motar. A-kori-kurar da manomi ke jan tirelar dabbobi da ita a cikin taɓo ba za ta yi sakamako ɗaya da wadda mai ofis ke zuwa aiki da ita ba, ko da ƙirarsu ɗaya. Abin da ya fi wannan jeri amfani shi ne takardar motar da ke gabanka. A Jamus irin waɗannan motoci suna zuwa gwaji duk shekara 2, kuma ana ba mai ita rahoto a rubuce da ke ɗauke da kilomita da duk aibin da aka gani. Ka tambayi dillali ko ta zo da shi. Motoci da yawa ana sayar da su ga masu fitarwa waje ne daidai lokacin da kuɗin gyaran da zai sa su wuce gwaji ya fi ƙarfin darajarsu, kuma shasi yana kan gaba cikin irin wannan gyara.

Idan ni ne, Alhaji, Hilux ɗin zan ɗauka, matuƙar shasinta a miƙe yake babu walda, in ware kuɗin ƙafa da birkin baya kafin in ɗora mata buhu ko ɗaya. Abubuwan da za su kayar da ita a gwaji duk abubuwa ne da ake kwancewa a sa sabo. Abin da zai iya kayar da Navara kuwa, idan ya same ta, ba a kwance shi, kuma facin mai walda a kan ruɓaɓɓen shasi ba abu ne da zan yarda ɗan'uwana ya hau hanyar Legas da shi ba. Ban ce kowace Navara haka take ba. Idan guduma ta wanke ta, ta tashi da safe shiru ba hayaƙi, kuma kana da bakaniken gas da ka amince da shi kusa da kai, mota ce mai ƙarfi da daɗin tuƙi, rangwamen ma ba na wasa ba ne.

Kafin ka biya ko sisi, ka roƙi dillalin ya bari ka kai duk wadda ka zaɓa cibiyar gwaji, kai ka biya kuɗin. Takardar da na'ura za ta fitar ita za ka riƙe ku yi ciniki a kanta. Ka turo mana hoton lambar shasin Navara ɗin da na ƙarƙashinta daga bayan gidan direba, hagu da dama, a ɗauka da hasken tocila, in duba maka.