Shagon kayan lab da na sayi mazurarin rabawa a Sakkwato

Duk ɗan kimiyya da ke furojet a garin nan ya san wahalar neman kayan lab, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda munka kwashe da wani shago da ke cikin gari. Aikina ciro laktik asid ne daga ruwan nono, tsamin nan dai da kuke ji in an dama fura. Shi asid ɗin mai son ruwa ne, ko ka zuba kananzir ka yi ta girgiza har hannunka ya gaji ba ya bin shi, sai ka narka TOA, wato kemikal ɗin trioktilamin, cikin oktanol, wani ruwa mai kama da mai da ke tasowa saman ruwa, shi ke cafke asid ɗin ya hau da shi sama, daga baya ka ƙwato abinka da NaOH, wato sodar yin sabulu.

Mai shagon dattijo ne, na nuna mazurarin rabawa, wato wanda ake raba ruwa da mai da shi, mai makunnin gilas na 250 ml don ya fi arha sai ya ce "ɗalibi, mi za ka zuba ciki?" Na ce oktanol da kananzir. Ya ce aje wanga, man da ake shafa ma makunnin narkewa zai yi, ɗauki mai makunnin robar Teflon. Ni na ɗauka so yake ya ƙara cin kuɗina wallahi, ashe gaskiya tai, abokina da ya sayi mai gilas wani wuri har yau tsumma yake sawa ƙarƙashi saboda ɗiga, nawa ko ɗigo ɗaya.

Inda sunka ɓata min rai TOA ne. Babu shi a ƙasa sai an yo oda daga Legas, Baba ya ce sati guda, sai da na yi sati uku ina sintiri daga Dundaye, kuɗin mashin kaɗai ya ishe ni. Takardar gwajin pH ɗinsu ma, wato ta auna tsami, ta tsufa kalarta ta kwanta, kuma a aikin nan ba wasa ba ne don in pH ya haura 3.86 sosai TOA ba ya kama komai na kirki. Ya dai canza min ba gardama.

Shi ne ma ya ce in riƙa aiki da sassafe, zafi na rage kamun asid ɗin, ga shi lokacin Afrilu muke ciki. Gilas zan koma in saya wurinshi, amma kemikal sai na ga kwalba da idona kafin in biya.