Sharhi Kan Manhajar SUMO Bayan Na Gwada Ta da Layin Dogon Agbado Zuwa Oyingbo

SUMO manhaja ce ta kwaikwayon zirga-zirga a kwamfuta, wadda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, wato DLR, ta fara ƙirƙira a shekarar 2001, kuma kyauta ake sauke ta. Kyautar ce ta ja ni gare ta, domin takwarorinta irin su OpenTrack da RailSys, waɗanda aka ƙera musamman don jiragen ƙasa, sai an biya kuɗin lasisi, abin da ba kowane ɗalibin injiniya ba ne zai iya a Legas ta yau.

Na gwada ta ne da layin Red Line, wato layin dogon Agbado zuwa Oyingbo na LAMATA, hukumar sufurin birnin Legas, mai tsawon kilomita 27 da tashoshi 8, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, kasancewar shi ne ya ratsa unguwarmu ta Agege. Ɗauko taswirar layin daga OpenStreetMap, wato shafin taswira na kyauta a intanet, bai ba ni wahala ba, amma gyaranta ya ci lokaci, domin sai an nuna wa manhajar inda jirgi zai iya juyowa da inda sigina take, in ba haka ba jirgin ya isa Oyingbo ya kafe a kan allo.

Inda ta burge ni shi ne batun jinkiri. Wannan layi hanya ɗaya yake bi da jirgin Legas zuwa Ibadan na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, saboda haka jadawalin ɗaya yana shafar na ɗayan. Da na ƙara wa tsayuwar jirgi a Oshodi minti ɗaya kacal, tare da matse tazarar da ke tsakanin jirage, sai na ga na bayansa ya dakata a gaban sigina tun kafin ya iso tashar, jinkirin kuma ya yi ta komawa baya har ya taɓa Ikeja. Abin da mai tsara jadawali zai kwana yana lissafawa a takarda, ga shi yana faruwa a gaban idonsa, kuma yana iya sauya lamba ɗaya ya sake gwadawa nan take.

Sai dai akwai abin lura. Idan ba a sauya mata ba, manhajar tana ɗauka cewa rabin daƙiƙa ya ishi kowane fasinja ya shiga tarago. Duk wanda ya tsaya a tashar Agege da sassafe, ya ga uwa da goyo tana riƙe da hannun wani yaron, ga dattijo yana laluben matakala, ya san wannan lissafi ba namu ba ne. Dole mutum ya je tasha da agogo da littafi ya auna da kansa, domin gwargwadon ingancin alƙaluman da aka ba ta, gwargwadon ingancin amsarta.

Tana kuma buƙatar haƙuri da fayilolin XML, wato tsarin rubutun da ake ba ta bayanai da shi, da ɗan sanin Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuma tun asali don motocin titi aka gina ta, don haka wanda zai tsara sigina ta gaske gara ya nemi waɗancan na kuɗi. Amma ga ɗalibi, ko ma'aikacin da ke son sanin yadda motocin BRT, wato manyan bas-bas na Legas masu layinsu na musamman, za su dace da isowar jirgi a Oshodi, ban ga kamarta ba, tunda tana haɗa jirgi da mota da mai tafiya a ƙasa cikin gwaji guda.