Kukun otal da ya koma girkin oda a Jos, ga abin da na gani

Masu ta tambayata waye ya yi mana girkin walimar ƙanwata, to ga bayani kowa ya huta. Tsohon kuku ne, ya daɗe a kicin ɗin wani otal a nan Jos, lokacin kullen korona a 2020 aka sallame su shi kuma da aka buɗe bai koma ba, ya ce gara ya ci gashin kansa. Yanzu girkin biki da suna yake karɓa, yana kuma yi wa ma'aikata miyar sati a robobi su jefa a firiza, ranar Asabar kuma yana koya wa 'yan mata girki.

Gaskiya aikin otal ya zauna masa a jiki. Kafin ya faɗi kuɗi sai da ya tambayi mutum nawa, yara nawa a ciki, ƙarfe nawa za a ci, ya rubuta mudun shinkafa da kilon nama a takarda, kuma wallahi haka abincin ya isa cif, ba a yi ta kwasar saura ana rabon dole ba. Da kansa yake sammako kasuwar Farin Gada ya zaɓo kabeji da karas da koren wake, shi ya sa haɗin salak ɗinsa har yamma yana garas-garas bai saki ruwa ba. Dankalin turawan da ya gasa da kaza kuwa tun kafin la'asar aka sharce tire.

Amma fa tuwon shinkafa da miyar taushe ba hannunsa ba ne. Daddawa kamar an ɗiga da tsoro, yaji babu, irin girkin da aka saba yi wa baƙin otal masu gudun attarugu. Gwaggona loma biyu ta yi ta ce "ɗan nan, wannan miyar ta asibiti ce?" Gwaten acha dai ya yi, ba laifi.

Kuɗinsa da ɗan zafi, rabi kafin alƙalami, kuɗin kawowa daban, wai tunda aka cire tallafin mai a 2023 ba ya haɗa su. Indai shinkafa ce da kaza da salak ku kira shi ido rufe, tuwo kuma ku bar wa matan gida, mu ma haka za mu yi a bikin da ke tafe bayan sallah in Allah ya kai mu.