Takardar M-CHAT-R/F: tana da amfani ga ƙannen yara masu otizim, amma ba ta ƙirga kalmomi

Gidan da aka riga aka samu yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, dole a sa ido kan ƙanensa. Binciken da Sally Ozonoff ta jagoranta a 2011, da wanda ta sake fitarwa a 2024, sun nuna kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan ƙanne shi ma yana samun lalurar. Shi ya sa ake yawan miƙa wa iyaye takardar M-CHAT-R/F ta tantance alamun otizim, wadda Diana Robins da abokan aikinta suka tsara. Kyauta ce a intanet, tambayoyi 20 na "e" ko "a'a", don yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Minti biyar ya isa.

Wurin lissafi ake tafka kuskure. Kowace "a'a" maki ɗaya ce, ban da tambaya ta 2, ta 5 da ta 12 (zargin kurumta, kaɗa yatsu kusa da ido, firgita da ƙara), inda "e" ce ke cin maki. Maki 0 zuwa 2 babu damuwa sosai, sai dai in yaron bai kai shekara biyu ba, a maimaita bayan ya cika. Maki 8 zuwa sama, a tafi wajen likitan yara kai tsaye. Tsakanin 3 da 7 kuwa akwai kashi na biyu, inda ma'aikacin lafiya ke bin tambayoyin da suka ci maki ɗaya bayan ɗaya. Wannan kashin ne aka fi tsallakewa, kuma in babu shi hankalin iyaye da yawa na tashi a banza.

Misalanta na gidajen Amurka ne. Inda ta ambaci injin shara, a tambayi uwa game da janareto ko injin markaɗe.

Babban raunin takardar ga ƙanne shi ne magana. Tana tambaya ko yaro na nuni da yatsa, ko yana waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana gane aike ba tare da an nuna masa ba, amma ba ta tambayi yawan kalmominsa ba. Ƙane zai iya tsallake ta lafiya alhali bakinsa ya yi nauyi, abin da ake yawan gani a cikinsu. Ga kuma uwa da ke auna shi da yayansa, sai ta ga kamar komai daidai yake.

Don haka a haɗa ta da littafin rubuta kalmomi. A wata 18 a nemi aƙalla kalma uku ban da "mama" da "baba", a wata 24 ya haɗa biyu kamar "sha ruwa", a wata 30 kimanin kalma 50. In gidan ana Hausa da Fulatanci, a tara kalmomin harsunan biyu wuri ɗaya. Idan ya gaza, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, a fara da gwajin kunne, sannan a nemi ƙwararre kan magana, ko da makinsa sifili ne.