Faramoto ko Mai Kafaffen Fiffike: Amsa ga Ɗan'uwanmu na Ringim

Malam, ka ce kana son ƙaramin jirgin sama na shaƙatawa da za ka riƙa tashi da shi daga gonarka, amma ka rasa na zaɓa tsakanin faramoto, wato injin farfela da ake goyawa a baya a haɗa da lema, da ɗan jirgi mai kujera da kafaffen fiffike.

Wajen fili da ajiya, faramoto ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Injinsa kilo 20 zuwa 30 ne, lemar tana naɗewa ta shiga jaka, kuma da ƙafarsa mutum yake gudu ya tashi. Mai fiffike kuwa sai an share masa doguwar hanya marar kunyar noma da rami, an kafa masa rumfa, domin rana tana cin yadin fiffike. Ka tuna da damina kuma, lokacin da gero da dawa suka rufe ko'ina: idan inji ya mutu a sama, ina za ka sauka?

Iska ce ta fi tayar mini da hankali. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga ƙasa da 'yar guguwar nan mai kwashe kara da leda tana iya naɗe gefen lema cikin ƙiftawar ido, shi ya sa mai faramoto ba ya tashi sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. Mai fiffike ya fi juriya, sai dai zafi yana rage masa ƙarfi, ya tsawaita gudunsa kafin ya ɗaga. Hazon hunturu kuwa dukansu yake zaunarwa.

Yawancin injinan, kamar Rotax 582, fetur gauraye da man inji suke sha, don haka ka yi nesa da man 'yan bumburutu.

Abin da ake faɗa cewa ba a bukatar lasisi dokar Amurka ce ta 1982, mai sharaɗin kujera ɗaya, nauyin jirgin ƙasa da kilo 115 da man da bai wuce lita 19 ba. A nan Nijeriya hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama ce ke da magana, ga filayen jirgin Dutse da Kano kusa da kai, don Allah ka tuntuɓe ta kafin ka biya ko sisi.

Da ni ne, faramoto zan ɗauka, amma sai na fara samun ƙwararren malamin da zai koya mini riƙon lema a ƙasa.