Hattara da masu sayar da "sulen Sarkin Ingila" a WhatsApp

Jama'a dan Allah ku ja kunnen iyayenku da kawunnanku, musamman waɗanda suka shiga WhatsApp da girmansu. Akwai wasu 'yan damfara da ke yawo da tsofaffin kuɗin ƙarfe masu kan sarkin Ingila, wlh saura ƙiris su wanke kawuna tas, dubu ɗari da hamsin ma ta riga ta tafi kafin maganar ta zo kunnena.

Su biyu ne amma sai su nuna ba su san juna ba. Na farko ya kira Kawu wai shi yaron wani Bature ne mai tara kayan tarihi, ya turo hoton kuɗi mai kan Sarki Edward na 8 da labarin cewa an sayar da irinsa fam miliyan ɗaya a Ingila, yace duk wanda ya samo musu ɗaya za su ba shi miliyan arba'in. Bayan kwana huɗu sai ga wani da muryar ƙauye, wai suna haƙar fandishan suka ci karo da tulu, ga wasu kuɗi jajaye a ciki shi bai san kansu ba, a ba shi dubu ɗari shida ya rabu da su. Kawu ya ga Allah ya kashe ya ba shi, ya tura kafin alƙalami, aka aiko masa da guda ɗaya ta tasha a cikin kwalin ashana.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa shine labarin fam miliyan ɗin gaskiya ne, a 2020 aka sayar da wani na zinare a wannan kuɗin. Amma me ya sa yayi tsada haka? Edward na 8 ko shekara bai cika a kan karaga ba, ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba saboda zai auri wata bazawara Ba'amurkiya, don haka kuɗi masu fuskarsa ba su taɓa shiga hannun jama'a ba. 'Yan ƙalilan aka buga na gwaji, kuma 1937 ke jikinsu. Na cikin kwalin ashanar Kawu 1936 aka rubuta, ga kai raɗau. Nace Kawu wannan ko ba a goga ba ƙarya ce. Yace kai yaro me ka sani, Baturen da kansa ya ga hoton ya amince. Sai da na kai shi wajen wani maƙerin zinare ya ɗan karce gefen, jan ya tashi wani toka-toka ya leƙo, sannan Kawu yayi shiru yana ta juya hula a hannu.

Kuɗin Edward na 8 da ya zo ƙasarmu akwai shi fa, kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini masu huji na 1936, suna da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sunan sarki da kambi kawai babu fuska, ina za a sa fuska ga rami a tsakiya. An buga su da yawan gaske, ni kaina ina da biyu a gwangwanin da na gada wajen kakata, ba za su saya maka ko akuya ba.

In an miƙo maka kuɗi mai kan sarki ka fara karanta sunan da ke zagaye da kan, da Latin suke rubutawa kuma U ɗinsu kamar V take, GEORGIVS V, GEORGIVS VI, EDWARDVS VII, sai ka juya ka duba shekara ko ta faɗa cikin zamaninsa. Edward na 7 daga 1901 zuwa 1910, George na 5 daga nan zuwa 1936, George na 6 har 1952, sai Sarauniya Elizabeth da ta kai 2022, kuma nata kuɗin a 1953 suka fara fita. A cikin hotunan da mai tulun ya turo har da mai kan Sarauniya an buga 1948, lokacin ko ubanta na nan da ransa a kan mulki. Sannan akwai al'adarsu ta juya fuska, kowane sabon sarki baya yake ba wanda ya gada. Edward na 7 dama yake kallo, George na 5 hagu, George na 6 ma hagu, don an ƙirga kamar yayansa Edward na 8 ya kalli dama duk da shi Edward ɗin ya kafe sai hagu, wai ta nan tsagar gashinsa tafi kyau. Elizabeth dama, Charles hagu kuma babu kambi a kansa.

Ni abin da ke ban haushi ma, ko na ainihi ne ba wani kuɗi yake yi ba. Sulen George na 5 mai bishiyar kwakwa da aka fara a 1913 azurfa ce, wannan ka ɗan samu wani abu, daga 1920 suka koma tagulla. Na 1959 masu kan Sarauniya da tsofaffinmu suka kashe har naira ta zo a 1973, taro mai auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa, duk gidan da akwai tsohuwa a laluba adakarta za a samu. Wasu kuma cewa suke tun da Sarauniya ta rasu an janye kuɗinta shi ya sa yake tsada, ƙarya ne, har yanzu ana cefane da shi a Landan tare da na Charles.

Na sa Kawu ya kira yaron Baturen a gabana yace kaya sun samu a zo a ɗauka. Buɗar bakinsa sai cewa yayi sai an fara tura dubu tamanin kuɗin satifiket da na kwastan. Na karɓi wayar nace malam ku cire a cikin miliyan arba'in ɗin mana, ƙit ya kashe, cikin minti biyar lambobin biyu duk suka daina shiga. Mun kai ƙorafi banki da wajen 'yan sanda da lambar akawun ɗin, muna dai jira.

Shekaranjiya kuma wata sabuwar lamba ta kira Kawu, muryar dai ita ce, wai ko yana da tsohon dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, akwai Baturen da ke nema.